Mai Sallama a Ƙofar Wi-Fi: Fashin Baƙi kan wpa_supplicant da Tsaronta

Da ka shiga ofis ko shagon buga takardu inda ka taɓa hawa Wi-Fi, tun kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin, wayar da ke aljihunka ta riga ta gama tata gaisuwar. Ka ciro ta, ka tarar alamar nan mai kama da mafici ta fito a sama, saƙonni na ta shigowa. Ba ka danna komai ba. To wa ya yi sallamar, wa ya amsa, kuma da me kowannensu ya gane ɗan'uwansa?

A wayoyin Android da mafi yawan kwamfutocin Linux, mai wannan aiki wata manhaja ce da ake kira wpa_supplicant. Wani ɗan ƙasar Finland mai suna Jouni Malinen ne ya rubuta ta a farkon shekarun 2000, ya kuma daɗe yana kula da ita. Kyauta ce, kowa na iya karanta yadda aka gina ta. Tana da 'yar'uwa mai suna hostapd, wadda ita kuma ke zaune a cikin na'urorin rarraba intanet masu yawa, wato rauta, tana karɓar baƙi. Rabin sunan na biyu yana nufin mai roƙon a ba shi izini, kamar baƙon da ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama yana jiran a ce masa bismillah. Windows da iPhone suna da nasu masu sallamar da kamfanoninsu suka rubuta, amma aikin ɗaya ne, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan ya shafe su.

Yawancinmu mun ɗauka tsaron Wi-Fi abu ne na mai gida kawai: ya sa kalmar sirri, wanda ya sani ya shiga, wanda bai sani ba ya tsaya a waje. Wannan rabin magana ne. Baƙon ma yana da abin da zai rasa. Idan ya yi sallama a gidan da ba shi yake nufi ba, aka ce masa shigo, ya shiga ya ajiye jakarsa, to ba a fasa ƙofar kowa ba amma an yi masa sata. Abin da ya fi damuna a harkar nan ke nan: na'urorinmu suna yarda da suna, kuma suna abu ne da kowa zai iya ara. Duk wanda ke da waya zai iya buɗe hotspot ya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Tarihin makullan ba shi da tsawo. Na farko shi ne WEP, wanda ya zo tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko, 802.11, a 1997. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna raunin yadda yake amfani da lissafin rufe bayanai mai suna RC4, daga nan ya zama ana iya fasa shi cikin mintuna. Duk da haka mutane suka ci gaba da amfani da shi. Kamfanin shagunan TJX na Amurka ya sanar a 2007 cewa an shiga kwamfutocinsa, bayanan katunan kuɗi sama da miliyan 45 suka salwanta, kuma ta Wi-Fi ɗin shaguna mai raunin makulli ɓarayin suka fara samun kafa. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci na wucin gadi, WPA2 ya biyo baya a 2004, sai WPA3 a 2018. Wanda ya tarar da WEP ko TKIP, wato makullin WPA na farko, a saitin na'urarsa yau, ya sani cewa kayan tarihi yake kallo, ya kashe su.

WPA2 ne har yanzu ya fi yawa a gidaje da shaguna, don haka ya kamata a tsaya a fahimci yadda gaisuwarsa take. Kalmar sirrin da ka rubuta, wadda dole ta kasance tsakanin haruffa 8 zuwa 63, ba ita ce makullin ba. Ana ɗaukar ta a haɗa da sunan Wi-Fi ɗin, a cuɗa su sau 4096 ta hanyar lissafin da ake kira PBKDF2, a fitar da makulli mai tsawon bit 256. Waya na da shi, rauta na da shi, kuma babu wanda zai aika wa ɗan'uwansa shi ta iska. Maimakon haka sai su yi musabaha ta saƙonni huɗu. Rauta ta aiko da wata lamba da ta ƙirƙira nan take. Waya ta ƙirƙiri tata, ta haɗa lambobin biyu da babban makullin ta fitar da makulli na wannan zama kawai, ta mayar da amsa da wani hatimi da ke nuna cewa ta san sirrin. Rauta ta duba hatimin, ta aiko da saƙo na uku mai ɗauke da nata hatimin, tana cewa ni ma na sani, a fara aiki. Waya ta amsa da na huɗu. Duk wannan ba ya kai ƙiftawar ido.

Tsarin yana da kyau, domin kowane ɓangare ya gwada ɗayan. Amma akwai tsaga a bangon. Wanda ya zauna kusa da na'urar sauraro ya kama saƙonnin farko, ya samu abin da zai tafi da shi gida ya riƙa gwada hasashe. Zai ɗauki kalma, ya cuɗa ta da sunan Wi-Fi ɗin, ya ga ko hatimin da ta bayar ya yi daidai da wanda ya kama. Rautarka ba ta san ana yi ba, balle ta ce an yi kuskure sau uku an rufe. Idan ma ba ya son jiran wani ya shigo, yana iya aika saƙon bogi na “an sallame ka” zuwa wayar da ke kan layi, ta sauka, ta sake yin sallama, shi kuwa ya kama musabahar. A 2018 Jens Steube, mai manhajar hashcat, ya nuna cewa a wasu rautoci ba a ma buƙatar ko waya ɗaya a wurin, domin rautar da kanta tana sakin wata alama mai suna PMKID da za a iya gwada hasashe a kanta.

A nan ne al'adarmu ta sa lambar waya a matsayin kalmar sirri take cutar da mu. Na san dalilin: tana da sauƙin tunawa, kuma ta cika sharaɗin haruffa takwas. Amma a lissafa. Lambar waya a Najeriya lamba 11 ce, huɗun farko kuwa sanannu ne, irin su 0803 da 0806 da 0703. Saura bakwai, wato hasashe miliyan 10 ga kowace mafara. A Nijar lambar duka-duka takwas ce, hasashe miliyan 100 ko da mutum bai san mafarar ba. Kwamfuta mai katin zane na zamani, irin wadda samari ke buga wasanni da ita, tana gwada dubban ɗaruruwa a sakan guda. Miliyan goma ba za ta ɗauke ta minti ɗaya ba. Sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ma haka. Abin da ke tsayawa a gaban irin wannan hari shi ne tsawo da rashin alaƙa: kalmomi huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su, ba karin magana ba, ba baitin waƙa ba, ba abin da wani ya taɓa rubutawa a jere ba. Kuma tun da sunan Wi-Fi ɗin yana cikin lissafin, barin sunan da na'urar ta zo da shi daga kamfani yana sauƙaƙa wa maharin, domin akwai jadawalin makullai da aka riga aka lissafa wa sunayen da suka yi yawa.

Yanzu mu shiga cikin gidan ita manhajar. A Linux, idan ana amfani da ita kai tsaye, tana karanta wani fayil da galibi yake /etc/wpa_supplicant/wpa_supplicant.conf. A cikinsa kowace hanyar sadarwa tana da sashenta da ke farawa da network, inda ake rubuta ssid, wato suna, da psk, wato sirrin, da key_mgmt, wato irin makullin da aka yarda da shi. Akwai ƙaramin umarni mai suna wpa_passphrase da ke karɓar suna da kalmar sirri ya fitar da makullin nan mai haruffa 64. Mutane da yawa suna ganin dogon jerin lambobin sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai an ɓoye. Abu biyu suke mantawa. Na ɗaya, umarnin yana barin kalmar sirrin a fili a layin sama, da alamar # a gabanta, sai mutum ya goge ta da hannunsa. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, wannan dogon makullin ya isa a shiga Wi-Fi ɗin da shi. Wanda ya kwafe shi bai buƙatar sanin kalmar. Amfaninsa kawai shi ne idan kana amfani da wannan kalmar a wani wuri daban, ba za a karance ta kai tsaye ba. Saboda haka tsaron fayil ɗin yana ga izinin karanta shi: ya zama mallakin root, wato babban mai iko a kwamfutar, a sa masa chmod 600, ta yadda babu wani mai amfani da kwamfutar da zai iya buɗe shi. Masu amfani da NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin intanet a yawancin kwamfutocin Linux na tebur, nasu bayanan suna cikin /etc/NetworkManager/system-connections, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Wanda kuma yake ɗora saitunan kwamfutarsa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, don ya nuna wa abokai, ya duba da kyau kada wannan fayil ya bi su.

A waya ma labarin bai bambanta ba. Tun daga Android 10 wanda zai iya buɗe wayarka yana iya fito da hoton QR na Wi-Fi ɗin da kake kai, kuma kalmar sirrin tana cikin hoton. A Windows umarnin netsh ɗaya tak yana nuna ta ga mai izinin gudanarwa. Ma'ana, duk wanda ka ba Wi-Fi ɗinka, ka ba shi ikon ba wani. Shi ya sa mai shago da ke ba kwastomomi intanet bai kamata ya ɗora su a layi ɗaya da kwamfutar lissafin kuɗinsa ba. Yawancin rautoci suna da layin baƙi, a kunna shi.

Akwai kuma abin da fayil ɗin yake tunawa wanda ya kamata ya manta. Duk Wi-Fi marar makulli da ka taɓa hawa, a tashar jirgi ko a otal, an rubuta shi da key_mgmt=NONE. Babu sirri, babu musabaha, babu abin da za a gwada. Suna kaɗai ake dubawa. Duk ranar da na'urarka ta ji wannan sunan a ko'ina a duniya za ta yi sallama ta shiga, ko da wanda ya amsa mai sojan gona ne da kwamfuta a cinyarsa. Gaskiya ne cewa yawancin shafuka yanzu suna rufe bayanansu da HTTPS, wanda ya rage ɓarnar sosai, amma mai riƙe da hanyar yana ganin inda kake zuwa, yana iya tura ka shafin bogi da ke neman ka “sabunta” wani abu, kuma yana iya lalubar ƙofofin da na'urarka ta bari a buɗe. Ɓoye sunan Wi-Fi, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, yana ƙara matsalar ne. Idan rauta ba ta shelar sunanta, dole a sa scan_ssid=1, wato wayar ce za ta riƙa yawo tana kiran sunan da bakinta a kasuwa da tasha, tana tambaya ko yana nan. Mai sauraro ya ji sunan da za ta amsa wa ke nan.

Sai ƙofar da ba a cika magana a kanta ba, wadda ni a ganina ita ce zuciyar al'amarin ga duk mai kula da kwamfutocin da mutane da yawa ke taɓawa. Ita wpa_supplicant ba fayil kawai take karantawa ba, tana kuma karɓar umarni tana cikin aiki. Layin ctrl_interface a saman fayil ɗin shi ke buɗe wannan ƙofa, galibi a /var/run/wpa_supplicant, kuma ta nan ne manhajar wpa_cli ke magana da ita. Da wpa_cli kana iya cewa status ka ga inda aka haɗu, scan_results ka ga abin da ke kewaye, list_networks ka ga abin da aka ajiye. Kana kuma iya cewa add_network ka ƙara sabuwar hanya, set_network ka canza saitinta, select_network ka tilasta wa kwamfutar ta koma can. Idan ka tambayi kalmar sirrin da aka ajiye, alamar tauraro za ta nuna maka, ba za ta faɗa ba. Wannan ya sa wasu suke ganin ƙofar ba ta da haɗari. Amma wanda zai iya ɗauke kwamfutarka daga Wi-Fi ɗin ofis ya ɗora ta a kan nasa, me zai yi da kalmar sirrinka? Ya riga ya zama shi ne hanyar.

Idan ba a faɗi komai ba, root kaɗai ke iya shiga wannan ƙofa. Ana ƙara GROUP=netdev ko GROUP=wheel don a ba wani rukunin masu amfani dama, saboda kada mai laftof ya riƙa neman babban izini duk lokacin da zai canza Wi-Fi. Sauƙi ne na gaske, amma a tuna cewa manhajar tana gudana ne da ikon root, don haka wanda ke ba ta umarni yana riƙe da wani yanki na wannan ikon. A 2024 an gano cewa a Ubuntu, wani nau'in Linux, ɗan rukunin netdev yana iya sa wpa_supplicant ta ɗauko wani fayil na manhaja da shi ya ajiye, ta gudanar da shi da cikakken ikonta, wato ƙaramin mai amfani ya zama mai gidan kwamfutar gaba ɗaya. An gyara, amma abin ya nuna nauyin wannan rukuni. Sai da ɗan gari akan ci gari. A ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a kan ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi da aka maƙala a bango tana aiki ita kaɗai, ban ga dalilin sa kowa a wannan rukuni ba. Idan ma babu mai buƙatar canza komai, a cire layin ctrl_interface ɗungurungum.

Haka layin update_config=1. Shi ke ba manhajar izinin sake rubuta fayil ɗinta idan aka ce save_config. Da shi, canjin da wani ya yi ta ƙofar umarni zai zauna har bayan an kashe kwamfutar an kunna. Ba tare da shi ba, sake kunnawa yana mayar da komai yadda mai kula ya tsara. Kuma idan ta sake rubuta fayil ɗin tana share duk bayanan da ka rubuta wa kanka a gefe, abin da ya sha ba masu gyara haushi. Ga na'urar da aka saita sau ɗaya, a bar shi a sifili. Akwai ma zaɓin da ake iya gina manhajar da shi, udp-remote, wanda ke buɗe ƙofar umarnin ga wasu kwamfutoci ta hanyar sadarwa. Marubutanta sun rubuta ƙarara cewa don gwaji kawai aka yi shi. A kwamfutocin tebur kuwa, yawanci NetworkManager ce ke ba ta umarni ta wata ƙofar daban mai suna D-Bus, kuma can ma akwai dokokin wanda aka yarda ya yi magana. Kada a kunna wpa_supplicant da hannu a kan katin Wi-Fi ɗin da NetworkManager ke riƙe da shi, domin direba biyu a sitiyari ɗaya ba sa kai mota ko'ina, layin zai ta sauka yana hawa.

Inda maganar baƙo ya san gidan da ya shiga ta fi fitowa fili shi ne Wi-Fi na jami'o'i da manyan ma'aikatu, irin eduroam da ɗalibai da malamai ke amfani da shi a ƙasashe da dama. A nan babu kalmar sirri ɗaya ta kowa da kowa. Kowane mutum yana da sunansa da sirrinsa, kuma wata saba ce a can ciki, wato babbar kwamfutar ma'aikatar, mai suna RADIUS, take tantancewa. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce PEAP. Da farko sabar tana miƙo takardar shaidarta, a gina rufaffiyar hanya tsakaninta da na'urar, sannan a cikin wannan hanya a yi musayar sirrin da tsarin MSCHAPv2. Shi MSCHAPv2 tsoho ne mai rauni. A 2012 Moxie Marlinspike ya nuna cewa fasa shi bai wuce fasa makulli guda ɗaya na tsohon tsarin rufi mai suna DES ba, aikin da na'ura ta musamman ke gamawa cikin yini. Ke nan duk kariyar tana kan rufaffiyar hanyar, ita kuma rufaffiyar hanyar tana kan takardar shaidar.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan ba a rubuta ca_cert ko ca_path a saitin ba, wato layin da ke nuna hukumar shaidar da aka yarda da ita, wpa_supplicant ba ta duba takardar kwata-kwata. Duk wadda aka miƙo mata za ta karɓa. Mai sojan gona ya buɗe Wi-Fi da sunan na jami'a, ya ƙirƙiri takarda da kansa, ya zauna a bakin ɗakin karatu. Wayoyi su yi ta zuwa suna gina rufaffiyar hanya da shi, suna miƙa masa abin da zai fasa. Kuma sau da yawa wannan sirrin shi ne na imel ɗin mutum da na shafin rajistarsa. Shekaru da yawa takardun koyarwa da ma'aikatu ke rabawa suna cewa a zaɓi “kada a tantance” a wajen takardar shaida, don a rage masu zuwa ofis da ƙorafi. Ina ganin wannan babban zalunci ne ga mai amfani, domin an koya masa kuskure da sunan taimako. Google ta cire wannan zaɓi a sabuntawar Android 11 ta ƙarshen 2020, mutane suka yi ta kuka cewa wayoyinsu sun daina hawa Wi-Fi na makaranta, alhali laifin na masu saita sabar ne. Android 13 ta kawo sassauci: a nuna wa mutum takardar a haɗuwar farko, idan ya amince a riƙe ta, kada a karɓi wata daga baya.

Sa ca_cert kaɗai ma bai gama aikin ba idan takardar daga hukumomin shaida na kowa da kowa ta fito, domin maharin ma yana iya samun ingantacciyar takarda daga wurinsu da sunan nasa shafin. Dole a ƙara domain_suffix_match, a rubuta sunan sabar da ake sa rai, ta yadda takarda mai kyau amma ta wani gida ba za ta wuce ba. Ana kuma sa anonymous_identity don kada ainihin sunan mutum ya fita a fili kafin a rufe hanya. A farkon 2024 Mathy Vanhoef da Héloïse Gollier suka bayyana wani rauni a wpa_supplicant inda Wi-Fi na bogi ke iya tsallake mataki na biyu na PEAP, na'urar ta ɗauka an gama tantancewa ta shiga. Waɗanda abin ya shafa su ne dai waɗanda ba sa duba takardar shaida. Wanda ya saita nasa daidai, harin bai same shi ba.

Akwai kuma ranar da saiti mai kyau bai ceci kowa ba. A 16 ga Oktoba 2017, shi dai wannan Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya fito da harin da ya kira KRACK. Ka tuna saƙo na uku na musabaha? Ƙa'ida ta yarda rauta ta sake aiko shi idan ba ta ji amsa ba, tun da saƙo kan ɓace a iska. Maharin sai ya tare amsar, rauta ta maimaita, wayar ta sake ɗora makullin da ta riga ta ɗora, ƙidayar saƙonninta ta koma farko. Amfani da lamba ɗaya sau biyu da makulli ɗaya kuwa shi ne abin da wannan irin rufi ba ya jurewa. Raunin a cikin ƙa'idar WPA2 kanta yake, don haka ya taɓa kusan kowa. Amma ya fi muni a wpa_supplicant daga siga ta 2.4, wadda Android 6.0 ta ɗauka. Manhajar tana goge makullin daga ƙwaƙwalwa bayan ta ɗora shi, wanda a kan kansa tsafta ce mai kyau. Da aka tilasta mata ta sake ɗorawa, sai ta ɗora abin da ya rage a wurin, wato sifili zalla. Makullin da kowa ya sani. Canza kalmar sirri bai magance wannan ba, sai sabunta manhaja. An fitar da gyaran da wuri, amma wayoyi masu araha da yawa da kamfanoninsu suka daina kula da su ba su taɓa samun sa ba, kuma irinsu ne ke ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu a kasuwannin waya. Mai sayen waya ta hannu ya shiga saiti ya duba kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe, kamar yadda yake duba batir da gilashi.

WPS kuwa, wato gajeriyar hanyar haɗa na'ura da rauta, ba ya buƙatar dogon bayani. An kawo shi don sauƙi: lamba takwas a bayan rauta maimakon kalmar sirri. A ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rautar tana duba rabin farko daban da na biyu, lamba ta ƙarshe kuma ta tantance lissafi ce kawai, don haka gwaji 11,000 ya ishi mai hari, kuma da ya dace rautar za ta miƙa masa kalmar sirrin komai tsawonta. A kashe shi.

WPA3 ya toshe babbar tsagar da muka fara da ita. Musabaharsa, mai suna SAE, ba ta barin abin da za a tafi da shi gida a yi ta gwaji. Kowane hasashe sai an zo gaban rauta an yi shi, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko an gano kalmar sirrin gobe, ba za a iya buɗe abin da aka naɗa jiya ba. Ya kuma wajabta kariyar saƙonnin gudanarwa ta 802.11w, wadda ke hana a sauke ka da saƙon bogi. A fayil ana rubuta key_mgmt=SAE da ieee80211w=2. Shi ma bai rasa aibi ba, domin a 2019 Vanhoef da Eyal Ronen sun gano raunuka a yadda aka fara aiwatar da shi, suka kira su Dragonblood, aka yi gyare-gyare.

Abin da ya rage shi ne zaman gauraye. Yawancin rautoci suna ba da zaɓin WPA2 da WPA3 tare, da kalmar sirri ɗaya, don tsofaffin na'urori su samu shiga. Muddin ƙofar WPA2 tana buɗe da wannan kalmar, mai hari zai bi ta can ne, ya ja na'ura ta yi tsohuwar musabaha, ya kama, ya tafi gida da ita. A ɓangaren baƙo maganin shi ne a rubuta SAE kaɗai a sashen Wi-Fi ɗin da ka san yana da WPA3, ta yadda na'urarka za ta ƙi amsa tsohuwar gaisuwa da wannan sunan. A ɓangaren mai gida kuma, firinta da kyamarar tsaro da tsohuwar talabijin da ba su jin sabon yare a ware musu nasu layin, da suna daban da kalmar sirri daban, wanda ba ya ganin sauran kwamfutocin gidan.